Huntu da Mai Riga

A rumfar Mutari, bayan Kasuwar Dole,
babura biyu na tsaye, ba sa kallon juna.
Ɗaya huntu ne, haƙarƙari a waje,
tun daga bakin titi kana ganin hanjinsa.
Ɗayan ya sha riga har wuya,
gilashi a goshi, akwati biyu a kwankwaso,
kamar ɗan duwan ranar albashi.

Ni gyaran famfon sola nake yi.
Inda rijiya ta yi shiru, can ake kirana:
yau Tanut, jibi Gure,
gata wani ƙauye da sai ka tambayi mai raƙumi.
Shekara tara ina kan wani ɗan ƙaramin babur
da ya koya mini addu'o'in da ban samu a allo ba.
Ya mutu a Takeita, da daraja, a tsaye.

Mutari ya ce, hau mai riga ka je Mirriya ka dawo.
Na hau.
Iska ta zo da faɗanta, ta tarar an rufe ƙofa,
ta bi ta saman kaina tana gunaguni.
Bayana ya yi shiru.
Rabon da bayana ya yi shiru
tun kafin a haifi Balki.
Har na fara wani tunani a kan hanya na kai shi ƙarshe,
abin da ban taɓa yi ba.

Da na juyo na hau huntun.
Wannan ba ya ɓoye maka komai.
Iska ta kama ni a ƙirji kamar mai bina bashi,
rigata ta cika ta zama salka,
ƙwaro ya mutu a haƙorina.
Amma na ji ƙanshin lambu tun kafin na ga lambun,
kuma da na sauka daga kwalta na shiga rairayi
sai ya karkata inda na karkata,
bai tsaya jin dalili ba.

Ciroma makanike yana cin gyaɗa, bai ɗago ba.
Ya ce, mai rigar nan, kafin in taɓa fulogo
sai na kwance masa maɓalli goma sha shida.
Ran da ya faɗi, kuma zai faɗi,
robar ƙirjinsa sai an aiko daga Kwatano,
wata guda kana tafiya da shi da yagaggiyar riga.
Huntu in ya faɗi, ka tashe shi, ka kakkaɓe, ka ba shi haƙuri.

Tsahara kuwa ta zauna a bayan kowanne, a nan cikin rumfa,
injin a kashe.
Ta shafa kujerar mai riga ta ce,
wannan zai kai ni wurin inna a Magariya
ban sauka ina ɗingishi ba.
Ba ta ƙara ba. Ta san kuɗin, ni ma na sani.

Kwana uku ina hawa dutsen Birni da yamma
ina lissafi da yatsu.
Kwalta ce rabin tafiyata, rairayi rabi.
Shekaruna arba'in da bakwai,
wuyana ya girme ni.
Amma inda rijiyoyin suke
babu mai sayar da roba, babu Ciroma,
sai ni da sifana da rana.

Na ɗauki huntun.

Yau ga ni a kan hanyar Tanut, na wuce Bakin Birji,
iska na ta karɓar bashinta.
Na tsaya ƙarƙashin aduwa ina murza wuya.
Injin na ƙas-ƙas yana hucewa, tsirara, babu kunya.
Can a rumfar Mutari, na sani,
wani yana shafa wancan gilashin da hannun riga.
Ban gaya wa Tsahara ba tukuna
cewa na tambayi mai walda
ko ana yi wa huntu ƴar shara.