Taku Goma Sha Ɗaya

A Antofagasta, inda hamada ta gangaro ta durƙusa gaban teku,
na sami aiki a ɗakin gwajin tagulla.
Litinin ce. Mu huɗu ne sababbi,
fararen rigunanmu ba su daina warin leda ba.

Eulalia Condori ce malamar,
gajeriya, furfura ta ci rabin kitsonta,
ba ta ɗaga murya, ba ta maimaita magana.
Na zaci littafi za ta buɗe.
Sai ta zaro baƙin ƙyalle daga aljihu,
ta ɗaure wa Baltasar idanu.
"Asid ya fantsamo maka. Nemi famfon wanke ido."
Ya yi karo da kujera, ya rungumi firji,
muka tuntsire da dariya.
Ita agogo take kallo.
"Daƙiƙa arba'in. Tun a ta goma ka makance."

Dariya ta koma ciki.

Ta zare safar hannun hagu.
Babban yatsa ya tsaya a gaɓar farko,
sumul kamar dutsen rafi.
"Wanda ya yi wannan bai yi zafi ba.
Kamannin ruwa gare shi.
Ɗigo guda, ta hudar da ban gani ba.
Na ci abinci, na hau bas, na yi wa ɗana wanka.
Sai da dare ya raba ƙashi ya soma kuka."

Ta ɗauko sabuwar safa, ta hura mata iska,
ta kara a kunne, ko za ta yi tsegumi.

Sauran darussa sun biyo baya:
asid ake tsiyayawa cikin ruwa, ba a juya zancen;
kwalbar da ba ta faɗi sunanta ba, kada ka gaishe ta.
Minti goma sha biyar ido zai sha ruwa,
a garin da hadari ke shekaru bai leƙo ba.
"Ku bar shi ya zuba," in ji ta. "Ido ba shi da kasuwa."

Da layi ya zo kaina, duhu.
Injin zuƙe hayaƙi na gurnani a damata.
Na ƙirga har goma sha ɗaya,
tafina ya sami ƙarfe, sanyi ya taso mini.

Yau shekara shida.
Eulalia na kiwon kaji a Calama.
Ban taɓa buƙatar famfon ba,
amma kowace safiya, kafin in taɓa komai,
nakan rufe ido in je in gaishe shi.

Ƙyallen yana aljihuna.
Litinin akwai sababbi uku.