Abin da Wuƙa Ta Kankare

Ni nake share ɗakin tsoho Kuai Ling
a gindin dutsen Heng,
inda gajimare ke saukowa shan ruwa.
Babana ke tsaga masa gora,
ya gasa ta bisa wuta har ta yi gumi,
ya jera, ya ɗaure da zaren siliki.

Tsohon kan rubuta layi ɗaya da sassafe.
Kafin rana ta take
ya ɗauki 'yar wuƙarsa ya kankare.
Abin da nake kwashewa a kwando
ya fi abin da ya saura jikin gorar.

Na taɓa tambayarsa, kuskure kake yi?
Ya ce a'a, daidai ne, shi ya sa.
Magana in ta samu wurin zama ta miƙe ƙafa,
to ta soma ƙarya.

Shekarar da kogi ya cinye gada
Zang Mou ya iso daga Qi,
gwanin gardama, da keken doki da ɗalibai uku.
Bai ko kwance takalmi ba ya ce:
Wannan Hanya da kake ambato,
ka yanka mini iyakarta.
In akwai ta, nuna.
In babu, mu tashi, dare na yi.

Tsohon yana ɓare gyaɗar kurmi.
Ya ce, a garinmu an yi wani mutum
da ya ɗauki alkawarin raɗa wa kumfan kogi suna,
kowanne da nasa.
Kafin ya kira na biyu na farko ya fashe.
Ya tsufa a bakin ruwa yana kira,
bai taɓa tsoma ƙafa ba.

Sai ya yi shiru. Ya nemi gishiri.

Zang Mou ya ce, wannan ai tatsuniya ce, ba amsa ba.
Ƙwarai, in ji tsohon.
Amsa ƙofa ɗaya gare ta, kuma kai ke gadi.
Tatsuniya kuwa katangarta ta zube,
akuya ma shiga take.

Baƙon ya tafi da fushi.
Ƙaramin ɗalibinsa ya mance hula,
ya dawo ɗauka,
shekara tara ke nan bai same ta ba.

Da tsohon ya rasu
tsagin gora bakwai kacal aka tarar da rubutu.
Ma'aikatan fada suka naɗe su a jan ƙyalle.
Na ji an ce har yau ana ta musu a birni
kan ko kalma ta huɗu na nufin komawa ko rasawa.

Ni kwandona aka bar mini.
Da shi nake hura wuta in sanyi ya shigo.
Rabin harafi kan lanƙwashe, ya yi ja,
kamar zai faɗi wani abu,
sai kunun gero ya tafasa.