Askin Suna

Shekara arba'in da ɗaya Baba na gyaran agogo
a lungun da ke gangarawa kogin Lima,
nan Viana do Castelo, inda iskar teku
ke cin ƙarfe yadda gara ke cin azara.
Bai taɓa neman wani adireshi ba.
Ƙofarsa ta ishe shi,
da allon da kakana ya rubuta da shuɗin fenti:
Assunção.

Ni na tayar da zancen, wata Talata mai ruwa
da ba wanda ya leƙo sai mai raba wasiƙu.
Na ce, Baba, yanzu a cikin waya ake neman ƙofa.
Ya ce, To, Graciete, ki fasa mana ɗaya.

Na buɗe kwamfuta a kan teburin aikinsa,
tsakanin ƙusoshin da ba su kai ƙwayar gero ba.
Na buga sunanmu, na sa ɗigo, na sa kom.
An riga mu.
Wani ne can bayan teku, ba ya sayar da ko allura,
ya kewaye sunan da shinge kamar fili
ya tafi abinsa, yana jiran yuro dubu uku.

Baba ya zare madubin da ke maƙale a idonsa.
Ya san kakanki ne?
A'a.
To me ya saya?

Muka shiga lalube.
Na jera sana'a da suna da gari,
abin ya yi tsawo kamar layin asibiti.
Na raba su da 'yar sanda a tsakani,
Baba ya ce, Wa zai faɗi sanda a baki?
Na ƙara shekarar da aka buɗe shago,
ya ce mutane za su ɗauka farashi ne.

Sai muka kira Gwaggo Deolinda,
wadda kunnenta na hagu ya daɗe da yin ritaya.
Kowane suna mu karanta mata sau ɗaya tak,
ita kuma ta rubuta a bayan takardar wuta.
Shida ta ɓata.
Na bakwai, gajere, sunansa na yanka da na gida,
ta maido mana shi daidai
har tana tambaya ko mun ci abinci.

Saura abin da na ɓoye tun safe.
Harafin c na sunanmu yana da wutsiya,
a kuma na da gira a kansa.
Ana iya sa su, amma Bajamushen da ya bar agogon matarsa bara
ba zai same su a kan madannansa ba.
Na goge su a gabansa.
Ya daɗe yana kallo.
Agogo goma sha tara na bango suka buga huɗu, ba tare ba.
Ya ce, An yi mini aski ina da shekara sittin da takwas.

Bayan ɗigo muka sa haruffa biyu na ƙasarmu.
Wannan kam ya yi masa.
Ya ce aƙalla mai nema zai san ruwan da muke sha.

Da na biya, ya ce, Shi ke nan, ya zama namu?
Na ce haya ce, Baba, shekara shekara.
Ranar da muka manta, wani zai ɗauka.
Ya yi dariyarsa ta farko a yinin:
Ashe shi ma sai ana wana shi.

Ya buɗe cikin babban agogon bakin ƙofa
inda yake rubuta ranar kowane gyara da fensir,
ya rubuta ranar biya a ƙarƙashin ta bara.

Da ruwa ya ɗauke na same shi a waje,
kan tsani, da gwangwanin shuɗin fenti,
yana ƙara wa wutsiyar kauri.