Alabe Mai Sulke

Shekara talatin da ɗaya ina dukanci a Katako,
basilla ta ci babban yatsana har ya daina jin zafi.
Na yi wa mahauta kube, na yi wa malamai gafaka,
na kuma san ɓarawo da kayan aikinsa:
reza, yatsu biyu, da kafaɗa cikin turmutsitsi.
Shi ya sa nake ninka fata, in ja zare sau biyu.
Reza ta sha kunya a kan ɗinkina.

Sai wata Talata ga Kachollom,
mai dankalin Turawa a Farin Gada,
ta dire mini alaben da na ɗinka mata bara.
Ba yanka, ba huda.
Katin banki na ciki, kwance kamar jinjiri ya ƙoshi.
Ta ce, Baba Jatau, dubi wayata.
Dubu huɗu. Dubu uku da ɗari biyar. Dubu huɗu kuma.
Kaɗan-kaɗan, yadda gara ke cin azara.
Ita dai ta san ta shiga motar Taminus a cushe,
wani mai jakar goyo ya matse ta,
har da ce mata sannu.

Na ce, ya sa hannu?
Ta ce, bai sa ba.

Sagir, autana mai gyaran waya, ya karɓi katin ya juya.
Ya ce, Baba, katin yanzu baki gare shi.
Ka ga layukan nan masu lanƙwasa,
kamar ruwan da aka jefa wa tsakuwa?
In na'ura ta matso ta yi masa sallama, amsawa yake.
Bai san mai gida ba, bai san baƙo ba,
ba ya tambayar ɗan gidan wane ne kai.

Daren nan sanyi ya hana ni barci, ko kuwa haushi ne.
Na tuna kakana da ya haƙi kuza a Bukuru,
kwano a ka, tari a ƙirji,
aka kwashe ƙarfen aka bar mana kududdufai.
Yakan ce, ƙarfe ba ya tsegumi.
Da asuba na tambayi yaron, ya ce ƙwarai,
siririn ƙarfe na toshe wa kati kunne.

Na sayo takardar alminiyam,
irin wadda masu gashin kifi ke naɗe tarwaɗa da ita,
na shimfiɗa ta tsakanin fata da fata, na ɗinke.
Ta farko ta yage. Ta biyu ta yi ƙara kamar busasshen ganye.
Ta uku muka kai wa Ladidi mai fi'o'es a bakin masallaci,
na manna alaben a jikin na'urarta.
Shiru.
Na zaro katin tsirara, sai ƙit, ya amsa.
Na yi dariya har hulata ta faɗi.

Sagir ya ce kada in cika baki, fata ba ta gama aiki ba.
A je banki a rage abin da kati zai iya fitarwa babu lambar sirri.
A bar saƙon waya a kunne, ko na naira hamsin ne.
Kada a miƙa kati ga wanda zai juya baya da shi.
Lambar toshewa kuma a haddace ta kamar sunan uwa.
Duk na faɗa wa Kachollom.
Kuɗinta dai, an ba ta takarda ta cike, an ce ta dawo.
Ta biya ni da dankali rabin kwando.

Yanzu guda shida nake ɗinkawa kafin la'asar.
Abu ɗaya ke tsaya mini a wuya in ina jan zare:
mu da aka yi wa bulala kan rashin amsa sallama,
ga ni da furfurata
ina koya wa kati ya ji, ya yi shiru.