Shayar da Kankare

Magini Mati ya wanke ceburinsa,
ya kakkaɓe siminti daga gemu, ya ce:
"Nawa ya ƙare, saura naki, ɗiyar Alhaji.
Kwana bakwai, kar ki bari ya ji ƙishirwa.
Abin da zai riƙe ruwa shekara talatin,
shi ake fara ba ruwa."

Na yi dariya. Rami ne fa, ba jinjiri ba.
Ya ce, "Jinjiri ai kuka yake.
Wannan shiru zai yi miki,
sai ranar da kika cika shi
ya ba ki amsa da tsagewa."

To ga ni da asuba a bayan gida,
nan Ƙofar Ƙaura, ladan bai sauke murya ba,
tiyo a hannu, zani a tattare,
ina bin buhunan algarara ɗaya bayan ɗaya
da muka lulluɓe shi da su.
Warinsa ba na ƙasar damina ba ne,
wani ne mai ɗaci, mai kama maƙoshi.
Na dafa bangon. Wallahi da ɗumi,
kamar goshin mai zazzaɓi
da jikinsa ke faɗa a ciki, ba mai gani,
yana neman haɗewa.

Rana ta uku aka ɗauke wuta.
Injin burtsatse ya yi tari biyu ya yi gum.
Na tare mai kura a bakin titi,
jarka sha biyu, kuɗi a hannu.
Ya leƙa ramin, ya dube ni:
"Duk zubarwa za a yi?"
Yalwa ta ɗago kai ta kan katanga
da bokitinta da ya kwana ba ɗigo.
Ba ta ce komai ba.
Na aika mata biyu, na zuba goma,
kunyar kuma ba ta bi ruwan ba,
tana nan ba ta bushewa.

Baba yana kan keke a gindin darbejiya.
Ɓarinsa na hagu tun ƙaramar sallah
ya tafi bai yi sallama ba.
Shi ya haƙa ramin nan ina shekara bakwai,
ya tallafe cikina da tafin hannu ɗaya
yana cewa, "Saki jikinki, Nasiba, ina riƙe."
Sannan rami ya tsage, aka bar wa kwaɗi.
Yanzu likita ya ce ruwa zai ɗauke masa
nauyin ƙafar da ta ƙi ɗaguwa.

Kullum tambayarsa ɗaya, baki a karkace:
"Yaushe?"
Na ce Mati ya ce sai ashirin da takwas
kafin a cika.
Ya ƙirga da hannun dama, yatsu suka ƙare,
ya koma farko.

A mataki na biyu akwai sawun kaza,
uku reras, daren farko ta sauka.
Mati ya so ya shafe.
Baba ya girgiza kai:
ta riga kowa shiga, a bar mata.

Yau bakwai.
Na ɗaga buhu ɗaya, na ƙwanƙwasa,
ya amsa da muryar dutse.
Baba ya yi nuni da tiyo.
Na miƙa wa dama, ya kawar da ita.
Na sa a hagu.
Yatsun suna kwance kamar ba nasa ba,
sai na naɗe su da nawa,
na ce, "Saki jikinka, Baba, ina riƙe."

Ruwa ya sauka kan algarara.
Can ƙarƙashin tafina wani abu ya motsa.
Ko bugun tiyo ne,
ko ɗan ƙaramin yatsansa,
ban duba ba.
Ban so in cika rami
tun bai gama shan ruwa ba.