Maginiya a Shagon Bindigogi

Shekara talatin da huɗu ina lallashin laka
a Corval, ƙauyenmu na magina.
Na san kukan tulu in ya tsage cikin wuta,
ɗan ƙas ɗin nan mai hana ido barci.
Ban taɓa fasa faranti da gangan ba
sai Lahadin da Custódio ya ara mini bindigarsa
a filin harbi, bayan gonakin zaitun.
Faifai ruwan goro ya zabura kamar fakara,
na ja kunama, ya koma gari a sama.
Na yi dariyar da rabona da ita
tun da aka binne Amílcar.

Kafaɗata kuwa, kwana uku tana zagina.

Ran Talata na hau motar Évora,
lasisi a jaka, yuro ɗari bakwai cikin safa,
gumin kwanukan da baƙi suka kwashe da rani.

Firmino mai shago ya fara da ta gilashi,
'yar Italiya, baki biyu, ɗaya bisa ɗaya,
kota kamar an shafe ta da zuma,
tsuntsaye zane a ƙarfenta.
Na tambayi kuɗi. Ya faɗa.
Na mayar masa a hankali, kamar jaririn wani.
Iya kuɗinka, iya shagalinka.

Sai ya shimfiɗa biyu a kan tebur,
masu baki ɗaya, masu ɗura kansu.
"Wannan," in ji shi, "da shurinta take aiki.
Ba nauyi, ba ta neman wanka kullum,
amma kafaɗa ce ke biyan bashin,
kuma harsashi marar ƙarfi kan tsaya mata a wuya.
Waccan da hayaƙin harbi take juya cikinta.
Ta fi nauyi, ga ƙazanta,
in kin dawo sai kin kwance ta kin goge.
Sai dai ba ta naushi, turi take yi."

Na nuna masa farcena.
Wadda ta tsufa da laka a ƙarƙashin farce
ba baƙin hayaƙi zai kore ta ba.

"Rufe ido, Benvinda. Ɗaga ta. Kai kunci.
To, buɗe."
Na buɗe, na ga rufin shago.
Kotar ta yi mini tsawo, an yi ta don dogon namiji.
Ya auna da yatsa biyu, ya ce zai rage.
Na sake ɗagawa, sau tara ko goma,
har idona ya kwanta bisa doron ƙarfen
kamar ruwa ya sami kwari.

Ƙirar Turkiyya ce, ba mai waiwayar ta.
Akwai ƙarzuwa kusa da kunamar,
don haka ya sauke talatin.
Ni ma haka nake sayar da kwanon da ya karkace,
kuma ban ji wanda miyarsa ta zube ba.
Canjin ya sayi harsashi da abin toshe kunne,
saura kuɗin mota da kofi ɗaya.

Lahadin farko, tara cikin ashirin da biyar.
Kwankon harsashina ya bugi hular Custódio,
ya yi tsaki, na ba shi haƙuri, na durƙusa ina tsincewa.
Kafaɗa ba ta ce uffan ba.

Da aka tashi, aka kulle bindigogi,
na shiga ciyawa na ɗauki ɓallin faifai.
Na murza, na sansana.
Ashe ba ma laka ba ce,
garin dutse ne da wani abu mai warin kwalta.
Zuciyata ta ɗan yi sanyi, ban san don me ba.

Can gaba ga ɗaya da na kuskure,
ya sauka lafiya, ko tsagewa babu.
Yana kan teburina yanzu.
Ciki nake tofa ƙwallon zaitun.