Littattafai Uku a Kakuri

Ranar da Injiniya Meilan za ta koma ƙasarsu
ta bar mini littattafai uku a cikin ledar burodi.
"Mace ɗaya ce ta rubuta su," in ji ta,
"shekara ashirin tsakanin na fari da na ƙarshe.
Ki bi su a jere, Kubura, ban da tsallake."
Ni tafinta ce, Sinancina na tashar Rigasa ne:
ƙusa, siminti, albashi, yi haƙuri.
Da shi na faɗa kogin, ba kwalekwale.

Na farko yarinya ce ta rubuta shi, tafiyar alƙalamin ta nuna.
Kowace jimla ta sha kwalli da jan-baki:
farin wata a kan tafki, yayyafi a jikin taga,
budurwa na jiran jirgin da zai kai ta birni.
Na yi dariya. Ni ma na taɓa zama ita,
a kan gadar Kaduna, ina ƙirga motocin Abuja.

Na biyu ya cinye mini damina guda.
Kwalliya ta ragu. Mata ne a masaƙa,
ɗari huɗu a ɗaki ɗaya, auduga har a gashin ido,
suna zance da hannu don inji ya haɗiye murya.
A shafi na casa'in na kife littafin,
na leƙa tsakar gida.
Inna na tsintar shinkafa a faifai,
ita da ta yi shekara sha tara a masaƙar Kakuri
har ranar da aka ɗaura wa ƙofa kwaɗo.
Har yau sai an ɗaga murya take ji.
Na zauna na fassara mata,
bakina dab da kunnenta na dama.
Ta ce, "Su ma?
Ni na ɗauka su suka cinye mu,
da atamfarsu mai arha ta cika kasuwa."
Sai ta ɗaga yatsu biyu, ta karya su a iska:
zare ya tsinke ke nan.
Na duba shafin. Alamar ce, ko 'yar'uwarta.

Na uku siriri ne kamar katin asibiti.
Babu wata, babu tafki.
Wata mata ce ke yi wa mahaifiyarta wanka,
shafi sittin,
ruwa, soso, tabon tiyata a ƙasan cibiya,
da abin da ba su taɓa ce wa juna ba.
Duk kalmomin na san su, ko ƙamus ban buɗe ba,
kuma shi ya fi ba ni wuya.
Shekara ashirin marubuciyar ta yi tana sauke kaya
kamar mai shirin ƙetare ruwa,
har ya rage daga ita sai abin da hannu zai riƙe.

Wannan ban fassara wa Inna ba.

Da dare, bayan an ɗauke wuta,
na ɗora ruwa a risho, na surka a bokiti,
na ce, "Kawo bayanki."
Ta daɗe tana kallona a hasken tocila.
"'Yar Sin ɗin nan ce ta aiko ki?"
Na ce eh, a kunnen da ba ya ji.
Ta juya, ta sassauta zani.
"To, ki bi a hankali wajen kafaɗa."